Jitata tana kama tashar rediyo idan na kunna fanel ɗin batir, me zan duba?

Mai_Jita_Agege:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Dan Allah masu sanin kayan wuta da 'yan uwana makaɗa ku taimaka min da shawara.

Ina da wata tsohuwar jita ta lantarki da na saya tokumbo a Alaba, ƙirar Japan ce, mai shagon yace ta shekarun 1980 ce kuma da gani ka san ta sha hannu dan fentin wuyanta duk ya goge. Irin masu batir ɗin nan ce, akwai ɗan rami a bayanta da ake saka batir mai 9V, sannan akwai ɗan makunni kusa da bolum, idan ka ɗaga shi sai fanel ɗin ciki mai ƙara ƙarfin sauti ya kama aiki sauti ya cika yayi kauri, idan ka sauke ta koma kamar kowace jita. Wallahi saboda wannan sautin na saye ta, duk wanda yaji ta a wajen biki sai ya zo ya tambaye ni wace iri ce.

Toh matsalar ita ce da zarar na ɗaga makunnin sai in fara jin rediyo a sifika. Ba gurnanin wuta nake nufi ba, wannan na san shi, magana ce ta mutane, wata tashar Yarbanci ce take shigowa ƙasa-ƙasa muryar a shaƙe, wani lokacin kiɗa wani lokacin talla. Idan ina kaɗawa ba a ji sosai amma da na tsaya sai ta fito fili. A wani biki da mukayi kwanan nan mai waƙa ya tsaya yana yi wa iyayen amarya kirari shiru ya ɗan ratsa, sai ga tashar nan a sifika kowa yana ji, mai haɗa mana sauti dole ya kashe layina gaba ɗaya har aka gama.

A saman bene nake zaune a Agege kuma abin yafi tsanani a ɗakina, yanzu da damina ta shigo kuma kamar ƙaruwa yake. Na lura idan na taɓa ƙarfen bakin jak, wato ramin da ake soka kebul a jitar, da yatsa yana raguwa, idan na juya jikina ma yana canzawa. Wani yace min in cire fanel ɗin in jefar, ni kuma raina bai so. Akwai gyara ko sai haƙuri?

Bakano_Mile12:

Wa alaikumus salam. Oga fara da kebul tukunna, yawancin kebul ɗin da ake sayarwa da araha idan ka yanka zaka ga ragar da ta lulluɓe wayar ciki silli-silli ce kawai ba ta rufe komai ba. Ari na wani mai kyau kuma gajere ka gwada. Sannan ka canza batir, ka saka alkalin na gaske, dan batir idan ya fara yin sanyi fanel yana yin abubuwa iri-iri. Ni tawa ba mai batir bace amma ta taɓa min irin haka, kebul na canza shikenan.

Baba_Mai_Rediyo:

Ƙanina sannu, kada ka jefar da komai tukunna. Ni gyaran rediyo da amfilifaya nake yi a gefen Alaba tun ana kawo mana na bawul, kuma abin da kake faɗa sananne ne, yana da dalili kuma yana da magani.

Kafin kaji rediyo a sifika dole abu biyu su haɗu. Dole a samu abin da ya kamo siginar daga iska, wato eriya, sannan dole a samu abin da ya fassara ta ta zama sauti. Siginar tasha da kanta kunne baya jinta, tashoshin FM suna tsakanin 88 zuwa 108 MHz ne, sifika ba zata iya motsawa da wannan saurin ba. Eriyar kuwa kana da ita a hannunka, tsawon igiyar siginar 100 MHz mita 3 ne, waya mai tsawon kwatansa, santimita 75, ta isa eriya, kaga kenan kebul ɗin jita da wayoyin cikinta da tsirkiyoyin kansu duk sun isa su kamo ta. Shi yasa idan ka juya jiki take canzawa, eriyar kake juyawa.

Mai fassarar kuma shi ne inda jitarka ta bambanta da ta Bakano. Jita mara batir ba komai a cikinta sai naɗin waya da maganaɗisu da bolum, idan ta kama rediyo to a amf (amfilifaya) ko feda (ɗan akwatin canza sauti da ake takawa da ƙafa) ake fassarawa. Taka kuwa akwai transista ko IC (ɗan cif mai transistoci a ciki) a cikinta, kuma ƙofar shigar transista tana aiki kamar dayod mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, idan sigina mai ƙarfi ta bugo ta sai ta tace ta sautin da ke kanta ya fito, fanel ɗin kuma ya ƙara masa ƙarfi tare da kiɗanka dan shi bai san bambanci ba. Da ya riga ya zama sauti babu wani kebul mai tsada da zai cire shi. Muryar da kace a shaƙe take, haka FM take fitowa ta wannan hanyar, da AM ce da zaka ji ta tar kamar a akwatin rediyo.

Kuma kada ka ga laifin waɗanda suka ƙera. Saka fanel a cikin jita ya fara yaɗuwa ne a shekarun 1970, kamfanin Alembic na Amurka na cikin na farko, Music Man suka fito da bes ɗin StingRay a 1976, Gibson suka yi RD Artist a 1977 da fanel ɗin Moog, kamfanonin Japan suma suka bi sahu. Lokacin babu wayar hannu a aljihun kowa, mu nan sai 2001 GSM ta shigo, babu cajar waya babu ƙwan LED babu inbata a kowane gida. Iskar Legas ta yau cike take da sigina, kai kuma ga ka a saman bene inda babu abin da ya tare ka.

Akwai kuma mai fassara na biyu da mutane basa tunawa, tsatsa. Inda ƙarfe biyu suka haɗu idan tsatsa ta shiga tsakaninsu shima yana iya zama ɗan dayod. Garin nan ga laima ga iskar teku mai gishiri, jak ɗin da ya shekara wajen 40 ba ƙaramin abu ya gani ba. Tunda kace da damina yake ƙaruwa ni can hankalina ya fara tafiya. Sannan jak ɗin jita mai batir ƙafa uku gare shi, shi ne makunnin batir ɗin, idan ka soka kebul sai jikin filogin ya haɗa ƙafar negatif ɗin batir da ƙasa, wato layin da ke haɗe da ragar kebul, wuta ta shiga fanel. Kaga idan wurin yayi datti ba sauti kaɗai ya taɓu ba, har wutar da fanel yake ci ta wannan dattin take bi.

Kafin ka sayi komai yi min wannan gwajin a ɗakin da abin yafi tsanani. Kunna amf shi kaɗai ba kebul ka ƙure bolum ka saurara. Sai ka soka kebul da jitar wani mara batir. Sai taka makunni a sauke, sannan a ɗage. Idan rediyon ya shigo ka rage bolum ɗin jikin jitar ka ji ko ya bi shi ya ragu, ka murza filogin a cikin jak a hankali, ka naɗe kebul ɗin ka sake warware shi. Bayan nan ka kwance murfin baya ka faɗa min abin da idonka ya gani da lambar da ke kan IC ɗin. Kada ka haɗa da feda ko ɗaya lokacin gwajin.

MaiSauti_Obalende:

Baba da girmanka amma ni a ganina wahala ce kawai. Ni nake haɗa sauti a wuraren biki kuma jita masu tsohon fanel sun sha bani ciwon kai, yau rediyo gobe batir ya mutu ana tsakiyar waƙa. A cire fanel a haɗa fikof, wato maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya, kai tsaye zuwa bolum zuwa jak, idan yana son sauti mai kauri ya sayi feda ya ajiye a ƙasa, idan ta lalace a canza ta cikin minti ɗaya. Ko kuma ya saka fikof na zamani irin EMG da fanel ɗinsu yake a rufe cikin fikof ɗin, waɗannan shiru suke. Mai biki bai biya kuɗi dan yaji tallar maganin basir a sifika ba, kuma idan abu ya faru mu ake kallo ba mai jita ba.

YarJos_IdiAraba:

Sannunku. Ni bes nake kaɗawa a cocinmu a sujadar Hausa kuma nawa ma mai batir ne. Yaya mai jita abin da ya tsaya min a rai a maganarka shi ne da kace idan ka taɓa ƙarfen jak yana raguwa. Dan Allah ka duba at ɗin wutar da kake sokawa, wato wayar kariya da ke zuwa ƙasa. Gidaje da yawa a nan soket ɗin ƙafa uku ne a ido amma ramin saman ba a haɗa shi da komai ba, ga ekstenshan masu waya biyu, ga masu karya ƙafar at ɗin filogi dan ya shiga ko'ina. Wajen biki kuma da ƙaramin janareta ake yi wanda ba wanda ya kafa masa ƙarfe a ƙasa.

Na san rashin at ba shi ke kawo muryar tasha ba, shi gurnanin nan na 50 Hz yafi kawowa da zizar inbata, amma idan amf ba at duk rufin ragar kebul da ake ta magana ƙarfinsa raguwa yake akan gurnani, kuma abin da yafi damuna shi ne rai. A yawancin jita tsirkiyoyin a haɗe suke da jikin amf ta cikin kebul, idan amf ya fara zubar da wuta hannunka na kan tsirkiya leɓenka ya taɓa makirfo, ta jikinka zata bi. Wutarmu 230V ce ba wasa ba. Idan ka taɓa jin tsirkiya tana ɗan cizonka a gefen hannu ka daina amfani da amf ɗin har mai gyara ya duba shi. Kuma in amf ɗinka na bawul ne kada ka buɗe shi da kanka ko da ka cire shi daga wuta, kafasitocin ciki suna riƙe ɗaruruwan bolt. Cikin jitar dai 9V ce ba abin tsoro.

Oga na Obalende ni ban goyi bayan a cire ba, sautin da mutum ya saba da shi a hannunsa feda bata bashi daidai.

Mai_Jita_Agege:

Na gode ƙwarai jama'a Allah ya saka da alheri. Baba nayi gwajin kamar yadda kace. Amf shi kaɗai shiru sai ɗan shuuu. Jitar abokina mara batir da kebul ɗina ba rediyo, gurnani kaɗan kawai. Tawa makunni a sauke ba rediyo, ina ɗagawa sai gashi. Na ari kebul mai kyau na saka sabon batir kamar yadda Bakano yace, ya ragu amma yana nan. Idan na rage bolum ɗin jitar shima raguwa yake har ya ɓace. Da na murza filogin kuwa sai ƙarar ƙaras-ƙaras, akwai inda na tsayar da shi muryar ta ƙaru sosai har na gane abin da suke tallatawa.

Na kwance murfin baya. Ƙafafun jak ɗin sunyi kore-kore kamar tsohon kwabo, ramin an shafe shi da baƙin fenti amma duk ya tsattsage yana zuba kamar gari, akwai wata baƙar waya da aka ɗaure da ɗan sukuru a jikin katakon, sukurun yana lilo. Murfin roba ne da foyil a manne a cikinsa rabi ya ɓare. Sannan akwai wayoyi biyu ja da fari dogaye daga makunnin zuwa fanel, irin wayar wuta ce zalla ba raga a jikinta, da gani wani ne ya taɓa gyarawa dan dalmar wurin tafi sauran girma da ƙyalli. IC ɗin ƙafa takwas ne an rubuta 4558 a kai. Akwai kafasita guda uku masu kamar ƙaramar ganga, ɗaya kansa ya ɗan kumbura.

'Yar uwa ta Idi-Araba maganarki gaskiya ce, na sa mai gyaran wutar layinmu ya gwada soket ɗin ɗakin ba at a ciki, munyi magana zai jawo. Oga na Obalende na fahimci damuwarka wallahi, kai ake zagi idan sauti ya ɓaci, amma bari in gwada gyaran tukunna.

Baba_Mai_Rediyo:

Madalla, yanzu ka gama rabin aikin. Amf ɗinka ya fita daga zargi, tunda kuma bolum ɗin jitar yana kashe muryar to kafin bolum ake fassara ta, wato a fanel. Wayoyin nan ja da fari sune babbar eriyarka, suna kai siginar har bakin IC ba abin da ya tare ta.

Ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana gwadawa bayan kowanne, dan ka san wanne yayi maganin. Jak ɗin kada ka tsaya gogewa, tunda yayi kore canza shi da sabo mai ƙafa uku, amma ka ɗauki hoton wayoyin kafin ka cire dan idan aka juya ƙafar batir da ta ƙasa ko dai fanel yaƙi tashi ko batir ya riƙa ƙarewa jita na rataye. Wayoyin biyu a canza su da waya mai raga, gajeru iya yadda zasu kai, ragar a haɗa ta da ƙasa.

Sai rufin ramin. Baƙin fentin nan ba ado bane, fenti ne mai ɗaukar wuta, sukurun da kace yana lilo shi ke haɗa shi da ƙasa. Tunda ya tsattsage ka nemi salatif na tagulla ka liƙe ramin gaba ɗaya da cikin murfin, kowane yanki ya hau kan ɗan uwansa, ka ɗiga dalma a mahaɗar, ka bar ɗan leɓe ya fito bakin ramin yadda idan ka ɗaure murfi tagullar sama zata taɓa ta ƙasa. Kamar tukunya ce da murfinta, idan murfin bai zauna ba rufin banza ne. Ka saka mita a inda take ƙara idan waya ta haɗu, ƙafa ɗaya a jikin jak ɗaya kana yawo da ita ko'ina a tagullar, duk inda bata yi ƙara ba gyara. Tagullar da ba a haɗa da ƙasa ba ƙarin eriya ce kawai. Ka kula kuma kada bayan fanel ko ƙafafun bolum su taɓa ta, saka ɗan kwali ko roba a tsakani, in ba haka ba sauti zai ɗauke ɗif.

Idan bayan wannan da saura sai a saka matata a bakin fanel. Resista 10k a jere da wayar da ta fito daga fikof, launinta ruwan ƙasa baƙi ruwan lemo, bayanta kuma kafasita 100pF zuwa ƙasa, zaka ga an rubuta 101 a jikinta. Waɗannan biyun suna fara yanke sigina daga wajen 160 kHz zuwa sama, kunnen mutum kuwa bai wuce 20 kHz ba, kaga kiɗanka zai wuce rediyo ya tsaya a waje. Amma a manna su dab da ƙafar IC kuma a yanke ƙafafunsu gajeru, idan aka bar su zololo sun zama eriya suma. Kada wani yace maka a saka babbar kafasita dan tafi aiki, zata cinye kaifin sautin. 100pF kusan nauyin mita ɗaya ne na kebul akan fikof, ba zaka ji bambanci sosai ba. A ƙara wata mai lamba 104 tsakanin ƙafa ta 8 da ta 4 na IC ɗin dan wayar batir ma tana kamowa. Kafasitocin nan uku masu kamar ganga a canza su duka da masu lamba iri ɗaya, ruwan cikinsu bushewa yake da shekaru, a lura da gefen fositif da negatif.

IC ɗin ka bar shi a ƙarshe. Gaskiya ne 4558 ƙofarsa ta transista ce zalla kuma irinsu sunfi saurin fassara rediyo akan masu ƙofar JFET kamar TL072 ko TL062, ƙafafunsu ma iri ɗaya ne suna shiga wuri ɗaya. TL062 baya cin batir amma yafi shuuu, TL072 yafi tsabta. Sai dai wani ɓangare na sautin da kake so daga wannan tsohon fanel ɗin yake, ni ba zan taɓa shi ba sai in dole, in kuma za a cire a saka soket yadda zaka iya mayar da shi, kuma a kula da jabu dan sun cika kasuwa. Duk abin da aka cire ka ƙulle a leda ka ajiye, tsohuwar jita da kayanta na asali tafi daraja. Idan hannunka bai saba da dalma ba kai wa mai gyaran rediyo ka zauna kusa da shi, layukan tsohon fanel suna ɗagowa idan zafi yayi yawa.

Malam na Obalende maganarka akan batir tana kan hanya, maganinta ya riƙa zare kebul idan ya gama kuma ya saka sabo kafin babban biki. Amma cire fanel saboda jak mai tsatsa da waya biyu ɓarna ce.

Mai_Jita_Agege:

Baba Allah ya ƙara girma. Na kai ta wajen wani mai gyara a unguwarmu na nuna masa bayaninka muka bi shi a jere. Canza jak ya kashe ƙaras-ƙaras ɗin, rediyo ya ragu. Da aka canza wayoyin nan biyu aka liƙa tagulla sai ka kara kunne a sifika kafin ka ji, da aka saka 10k da 101 ɗin kuwa ya tafi gaba ɗaya, na ƙure bolum a ɗakin saman nan na juya ko'ina babu. Kafasitocin ma an canza, 4558 yana nan inda yake ba a taɓa shi ba kuma sautin yana nan yadda nake sonsa.

Abu ɗaya ya rage, idan wayata na aljihun wando kira zai shigo ina jin dit-dirit-dit-dirit kaɗan a sifika. Shima akwai abin da za a ƙara ne?

Baba_Mai_Rediyo:

Wannan GSM ce, idan wayar ta sauka kan layin 2G tana aika sigina a gutsure sau 217 a daƙiƙa, shi kake ji. Siginarta 900 ko 1800 MHz ce, gajeriya ƙwarai, tana kutsawa ta ramin fikof da duk wata 'yar kafa, ga wayar kuma a cinyarka dab da bayan jitar inda fanel yake. Zaka iya maƙala ɗan zoben ferayit irin na kebul ɗin kwamfuta a kebul ɗinka kusa da filogi, yana ragewa wani lokacin. Amma mafi sauƙi idan zaka hau dandamali ka cire wayar daga aljihu ka ajiye ta nesa da jita da amf, ko ka sa ta a yanayin jirgi. Kuma ka bi mai wutar nan ya jawo maka at ɗin kamar yadda 'yar uwarka ta faɗa, kada ka bari ya kwana biyu.